Gangar Noma a Ofishin Munzali

Jikana Munzali ba shi da wani aibu sai barci. Ba ya shan taba, ba ya rigima, salla ba ta wuce shi. Amma da zarar an yi azahar, ya buɗe kular da matarsa Fiddausi ta cika masa da tuwon shinkafa da miyar kifi, to sai a yi haƙuri da shi. Yana zaune bisa kujerar gwamnati, biro a hannu, kansa zai fara rinjaya gefe guda awa buhun albasa da anka ɗaura ma jaki ba daidai ba.

A Birnin Kebbi yake aiki, a wani ofis da ke rabon kayan noma. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, masu shi suna nan da ransu. Gidansa a Gwadangaji yake, kuma nan nake zaune tun da na baro Argungu da sunan zan ɗan kwana biyu a duba mini ido. Ido ya warke tuni. Sai dai ƙofar gidan tana kallon titi, daga bisa tabarmata ina ganin wanda ya shiga gidan wane da wanda ya fito yana gyara hula, to ina zan je?

Labarin barcin ban ji shi daga bakin Munzali ba. Ummu Hani ce ta kawo mini, mai buga takardu a ofishin, wadda ke haya a bayan gidanmu. Yarinya ce mai kirki, ba ta taɓa ganin abu ta bar shi ya kwana a cikinta ba. Ran nan da la'asar ta sauka daga keke napep, ko gidansu ba ta shiga ba ta nufo tabarmata.

"Kaka Laure, yau ma an kama shi."

"Wa ya kama shi?"

"Darakta da kansa, Malam Zulkifli. Ya shigo da baƙi yana nuna musu ofis, ya ce ga haziƙin ma'aikacinmu nan. Sai ga haziƙi ya kifa kai bisa fayil, har yawu ya jiƙa wurin da Darakta ya sa hannu."

"Karo na nawa ke nan?"

"Na biyu. Ya faɗa gaban kowa, na uku babu takardar gargaɗi, taransifa ce. Tungar Ja'afar, can bayan Augie, wurin ma'ajiyar taki."

Na san Tungar Ja'afar. In kana son waya ta kama sai ka hau suri ka ɗaga hannu. Da damina hanyar ruwa take komawa. Ga Fiddausi da keken ɗinkinta, mata na kawo mata atamfa har daga cikin gari, ga ɗiyansu biyu sun fara makaranta. In anka tura Munzali can, duk wannan ya watse.

Da Fiddausi ta ji, sai gida ya koma asibiti. Ta fara da rage tuwo, ta ce nauyin shinkafa ne. Munzali ya yi barcin yunwa, wanda ya ce ya fi na ƙoshi daɗi. Ta koma ga goro, ta cika masa aljihu, haƙoransa sunka yi ja, ya yi barci da goro a kunci. Ta dafa shayi mai citta da kanumfari da masoro, wanda ko ƙamshinsa ka ji sai ka yi atishawa. Ya sha, ya yi zufa, ya ce jikinsa ya saki, ya kwanta. Wani abokinsa ya ba shi lemon gwangwani mai hoton walƙiya, wai direbobin tirela ke sha. Zuciyarsa ta riƙa bugawa awa injin casar shinkafa, hannu na rawa, sannan ya yi barci ido rabi a buɗe. Ummu Hani ta ce wannan ya fi duk sauran ban tsoro.

Ofis ma sun yi nasu. Darakta ya ɗauko wani mutum mai kwat daga Abuja don ya yi musu bita a kan ƙwazo da kuzari. Ya sa su miƙe, su tafa, su ɗaga hannu su ce "zan iya". Munzali ya ce zan iya, ya zauna, ya iya. Allah ya taimake shi Malam Sunusi, mai riƙe da kuɗin ofis, shi ne zaune gabansa, kuma bayan Malam Sunusi zai ɓoye mutum biyu da keke.

Wata safiya na tare shi yana ɗaura takalmi.

"Maigida, zo nan. Wai mi ka damunka?"

"Tsohuwa, ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Kakanka Tamba yakan shiga gona tun hitowar rana, ba ya ɗaga kai sai la'asar. Kai kana cikin inuwa, bisa kujera, kana abin kunya."

"Kakana bai taɓa zama ɗaki mai sanyi fanka na yi masa waƙa ba. Aikin ne, Kaka. Takarda ta zo in sa mata lamba in miƙa. Wata ta zo in sa mata lamba in miƙa. Ko ke anka ba sai kin yi barci, ke da ba ki rufe ido don kar wani abu ya wuce ki."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ya bar ni da tunani. Gaskiya ita ce marigayi mijina Tamba, Allah ya jiƙansa, a gida ko buta ba ya ɗauka. Kwance yake wuni bisa tabarma yana kiran a miƙo masa abin da ke kusa da ƙafarsa. Abin da ke mayar da shi wani mutum a gona, ganga ce. A wurinmu in an kira gayya, ba a shiga gona sai da makaɗi. Kowane gida yana da takensa, kiɗan da anka yi ma kakanni. Makaɗi yana bin manoma a baya, wanda ke gaba ya wasa shi, wanda ya tsaya ya yi masa zambo har sai ya rasa inda zai sa fuska. In Tamba ya ji takensa, sai kafaɗunsa su fara rawa, ido ya yi ja, sai a ba shi hanya. Na ce a raina, ashe yaron nan ba goro ya rasa ba, makaɗi ya rasa.

Ban faɗa ma Fiddausi ba, don ita mai yawan tambaya ce. Na ce zan je Argungu gaisuwar mutuwa. A Argungu kullum akwai gaisuwar da mutum bai yi ba, don haka ba ƙarya na yi ba.

Na iske Labbo, makaɗin Tamba, zaune ƙofar zaurensa yana korar ƙuda. Ya tsufa, haƙori ɗaya ya rage masa a gaba, gangar tana rataye a bango gizo-gizo ya yi mata riga. Yanzu samari da waya suke shiga gona, kowa da kiɗansa a kunne.

"Laure, ke ta da rai?"

"Da rai. Kai ma ga ka, mutuwa ta mance da kai."

"Ta san ban da abin gado. Mi ya kawo ki?"

"Aiki na samo maka. Jikan Tamba za ka kaɗa ma."

Ya gyara zama. "Gonar ina take?"

"Birnin Kebbi."

"Fadama ko tudu?"

"Ohis."

"Mi aka shukawa ciki?"

"Takardu."

Ya daɗe yana taɓa haƙorinsa da harshe. "Ni ban taɓa kaɗa ma takarda ba. Amma in jinin Tamba na, ko cikin rijiya yake, ya ji taken gidansu sai ya motsa. Sai dai kin san ƙa'ida. In aiki ya ƙare ina ruhe ganga, ba ta buɗewa sai an kawo hura."

"Hura ba matsala ba ta."

Ranar da munka shirya, ruwan sama ya sauka da asuba, irin na farkon damina, wanda ke sa ƙasa ƙamshi. Munka shigo motar Birnin Kebbi, daga tasha munka hau keke napep zuwa ofishin su Munzali, gangar tana naɗe cikin zanena awa jinjiri. Ina ta shirya abin da zan faɗa ma maigadi, ashe ɗan Argungu ne. Yana ganin Labbo ya duƙa har ƙasa ya buɗe mana ƙofa, bai ko tambaya ba.

Harabar ofishin fili ne babba, ba siminti, sai ciyawa nan da can, da wasu furanni da Darakta ya sa anka dasa a layi daga ƙofa zuwa baranda, da darbejiya guda inda yake ajiye motarsa. Ranar motar ba ta nan, ya tafi taro. A barandar kuma an jibge sababbin galmomi, kowace da ledarta, ana jiran ranar rabo. Na gan su, ban kawo komai a raina ba.

Na shimfiɗa tabarmata gindin darbejiya munka zauna. Mun riga mun shirya da Ummu Hani, in ta ga kan Munzali ya fara rinjaya za ta kaɗa gyale ta taga. Anka yi azahar, anka dawo, kowa ya shige. Labbo ya ɗaure tsarkiyar ganga, ya ɗan taɓa fatar da yatsa yana saurare. Ba a daɗe ba sai ga gyale.

"Labbo, bisimilla."

Ya rataya ganga, ya miƙe. Tsohon da ɗazu sai da na riƙe masa hannu ya sauka daga keke napep, sai ga shi tsaye cak. Ya saki kiɗa, muryar ta fito awa ba a taɓa ajiye ta ba:

"Jikan Tamba, tashi rana ta yi,
Tamba na Laure, mai tsaga fadama,
Ƙasa ta jiƙa tana kiran galma,
Wa ka kwana ga rana irin wagga?"

Abin da na tsara shi ne, Munzali zai ji, ya ɗaga kai, ya kama biro, ya riƙa sa ma takardu lamba da sauri har tebur ya yi fili. Abin da ya faru a ciki, Ummu Hani ta ba ni daga baya. Ta ce ya ɗaga kai dai. Ido ja. Kafaɗa ta dama ta fara rawa, ta hagu ta karɓa. Biron da ke hannunsa ya karye biyu. Ya cire hula ya ɗora bisa kwamfuta, ya cire riga ya ɗora bisa hula, ya tuɓe takalmi. Takardun ko kallonsu bai yi ba.

Abin da na gani da idona, da idon da anka gyara, shi ne jikana ya fito baranda da singileti, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Sai ni jikan Tamba!" Ya fizgi galma guda, ya yage ledar da haƙori, ya tofa yawu a tafin hannu, ya duƙa daidai bakin matakala ya sara ƙasar gwamnati.

Na kama rigar Labbo. "Tsaya, tsaya. Ba wanga aiki na kira ka ba."

Bai ko waigo ba. "Laure, sake mini riga. Ba a tsai da ganga mutum na tsakiyar huɗa."

"Takardu za shi yi."

"Wagga gangar noma ta. Noma ta sani."

Ya bi bayan Munzali yana kaɗawa. Ƙasar ta sha ruwa, galma sabuwa, yaron kuwa ya tara barcin shekaru a jiki bai taɓa kashe shi ba. Kafin in gyara ɗaurin zanena ya kai bangon gabas ya juyo, ya bar kunya guda miƙe santal, irin wadda Tamba ke ja. Ban san lokacin da na sa hannu a hanci na rangaɗa guɗa ba.

Guɗar ce ta fito da sauran ma'aikata. Sunka jeru a baranda, wasu da fayil a hannu, wasu na dariya, wasu na ɗauka a waya. Labbo ya ɗaga kai ya ga maza tsaye hannu a ƙirji ana aiki. A ƙa'idarsa wannan ba ya wucewa. Ya matso kusa da ni yana kiɗa.

"Wancan mai tumbi, ɗan wa na?"

Ya kamata in yi shiru. Amma an tambaye ni abin da na sani.

"Sunusi na, ɗan Abbas mai albasa na Augie. An ce rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa tun kahin ya yi aure, ɗiyansa ka ɗaura mishi takalmi."

Labbo bai rage komai ba, har ƙari ya yi. Ya wasa Abbas mai albasa, ya ce mutum ne da ke kwana a fadama, sannan ya tambayi jama'a ko wanga da ke tsaye ɗansa ne ko buhun da ya manta a kasuwa. Baranda ta fashe da dariya. Malam Sunusi ya yi murmushi, murmushin ya ƙare, ya miƙa ma Ummu Hani makullan da ke hannunsa, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki galma.

"Na kusa da shi fa, mai madubin ido?"

"Ubansa masunci na a Argungu, amma shi ko kihi sai an cire mishi ƙaya."

Shi ma ya sauko. Haka munka yi ta yi, Labbo na tambaya ina ba shi, yana kaɗawa suna saukowa. Ashe duk wanda ke ofishin nan, in ka kankare kwat da turare, ɗan manomi ne ko ɗan masunci. Wasu ba su ma jira a kai gare su ba, don sun ga abin da na sani game da na gabansu, sunka ɗauki galma tun da mutuncinsu. Mata sunka tsaya baranda suna guɗa da tafi. Wasu manoma da sunka zo tambayar ranar rabo sunka zama masu duba aiki, suna cewa mai madubi ya miƙe kunyarsa, ta karkace. Masu keke napep sunka tsaya bakin titi, fasinjoji sunka sauka kallo.

Anka huɗe ciyawa. Anka huɗe hanyar mota. Furannin Darakta, wani ya tsaya kansu yana shakka, Labbo ya yi masa baiti guda, sai furanni sunka koma taki. Anka zagaye darbejiya har ni sai da na ɗage tabarmata. Munzali na gaba, ba wanda ya kamo shi, laka har gwiwa, yana yi yana kirari.

Ana cikin kunya ta ƙarshe, ta bakin bangon yamma, sai ga motar Darakta. Maigadi ya buɗe ƙofa don sabo, amma babu inda mota za ta bi. Daga ƙofa har baranda kunyoyi ne a jere, ƙasa baƙa tana ƙamshi. Malam Zulkifli ya fito da babbar riga fara sol, ya tsaya. Ya kalli hagu, ya kalli dama, ya kalli allon da ke ƙofa don ya tabbatar ofishinsa ne. Sannan ya tattare riga ya fara tsallake kunyoyi ɗaya bayan ɗaya awa zalɓe.

Labbo ya hango shi. "Laure, wanga mai babbar riga ɗan wa na?"

Na san ubansa, na san uwarsa, na san dalilin da ya sa ƙanwar uwarsa ta bar Augie. Amma na kama bakina da hannu biyu. Labbo da ya ga ban ba shi komai ba, sai ya yi da abin da ido ya ba shi:

"Mai babbar riga ya zo kallo,
Hannu laushi awa audugar kanti,
Ana noma shina tsallake..."

Maigadi ya ruga ya riƙe ma Labbo sandar kiɗa. Daidai nan Munzali ya kai bango, ya sara ta ƙarshe, ya jefar da galma. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashin Malam Sunusi. Labbo ya duba fili ya ga babu sauran inda za a huɗa, ya ce alhamdu lillahi, ya naɗe ganga cikin zane ya koma gindin darbejiya ya zauna.

Darakta ya ce, "Munzali, biyo ni."

Ni kuma na bi ta bayan gini, Ummu Hani na nuna mini hanya, har tagar ofishin Darakta. An ɗauke wuta, don haka tagar a buɗe take. Munka duƙa, na ɗan leƙa. Darakta ya nuna ma Munzali kujerar baƙi, irin mai laushin nan da in ka zauna take haɗiye ka. Shi kuma ya je ɗaya tagar, mai kallon haraba, ya juya baya, ya haɗa hannu a baya.

"Furannin nan daga Kaduna na sa aka kawo su," ya fara. "Da na shigo, niyyata in kira 'yan sanda."

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe," in ji Munzali, murya ƙasa-ƙasa.

"Kar ka katse ni. Tun da na zo ofishin nan nake neman abin da zai motsa ma'aikatan nan. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo mai bita. Yau na ga Sunusi yana gudu. Sunusi. Da galma a hannu."

Ina jin haka zuciyata ta yi sanyi. Na taɓa Ummu Hani, ta taɓa ni. Sai na mai da ido ga Munzali, sanyin ya koma wani abu. Kujera ta haɗiye shi. Iskar bayan ruwa tana shigowa ta taga. Mutumin da ya huɗe fili guda da tuwon shinkafa a ciki. Kansa ya fara tafiya hagu a hankali.

Na yi masa tsaki. Bai ji ba. Na ɓalli goro na jefa, ya same shi a kunne, ya sa hannu ya kore awa ƙuda. Na sake jefawa, ya wuce ya faɗa cikin kofin shayin Darakta.

"Ni ma ɗan manomi ne," Darakta na ci gaba, har yanzu bayansa ne gare mu. "Na san kunya mai kyau in na gan ta. Kuma na ga wanda ke gaba. Mutumin da ke da irin wannan ƙarfi ba malalaci ba ne, wuri ne bai samu ba."

Na raɗa ma Ummu Hani, "Ruga ki ce ma Labbo shi kaɗa, ko bugu guda."

Ta ruga ta dawo tana haki. "Ya ce aiki ya ƙare. Ganga ba ta buɗewa sai an kawo hura."

Hura kuwa ban saya ba. Na ɗauka aikin biro za a yi, a tashi da la'asar, in saya masa a tasha.

"Ce mishi tana hanya."

"Na faɗa. Ya ce shi ma gangar tana hanya."

A ciki Darakta ya sassauta murya. "Saboda haka na yanke shawara zan janye maganar Tungar Ja'afar. Abu ɗaya nake so daga gare ka. Ka yi mini alkawari, tsakaninka da Allah, ba zan sake ganin idonka a rufe a ofishin nan ba. Ka yi alkawari?"

Amsar ta zo, amma ta hanci. Doguwa, mai hawa da sauka, har da ɗan fito a ƙarshe.

Darakta ya juyo. Ya tsaya yana kallon jikana, baki buɗe, hannuwa sun zubo gefe da gefe, laka na bushewa a ƙafa tana zuba bisa darduma. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗaga ido sai ya haɗa da nawa, don na manta ban duƙa ba.

"Hajiya, ke ce kakarsa?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ina wuni, ya aiki?"

"Ke kika kawo mai ganga?"

"Rakiya na yi mishi, ba ya gani sosai."

"Kin ga abin da nake gani?"

"Na gani. Amma ranka ya daɗe, a duba. Wanga ba barcin ohis ba na, barcin gona na. Kamata ya yi a lissafa shi daban."

"A kan kujerata yake yin sa."

"Kujerar ce ke da laifi. Ko ni ka ɗora bisa..."

"Hajiya, gaban kowa na ce na uku. Da ya bari na gama magana ya ce to, da shi ke nan. Yanzu duk ofis sun ji wannan minsharin. In na janye, gobe kowa da matashin kai zai zo aiki."

Na buɗe baki zan ambaci ƙanwar uwarsa, ko za ta yi amfani. Ummu Hani ta murɗe mini hannu.

Da Munzali ya farka, takardar tana bisa cinyarsa, an ɗora mata hularsa don kar iska ta ɗauke.

Fiddausi ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Gaisuwa kawai, sai ta wuce. Sai ranar da anka zo ɗaukar kaya, ana ɗora keken ɗinki bisa a-kori-kura, ta tsaya gabana ta ce, "Kaka, naɗe tabarmarki. Tun da ke kinka kira gayyar, ke za ki riƙe mini yara a can." Na ce ai Argungu na yi niyyar komawa. Ta ce motar ta Argungu za ta bi, in leƙa ta taga in gaishe su.

Ummu Hani ta zo sallama da labari a baki. Wai tun da an riga an huɗe, Darakta ya ce a shuka masara, kowa da kunyoyinsa. Yanzu ma'aikata tun da sassafe suke zuwa duba shuka, har an yi cacar baki tsakanin Malam Sunusi da mai madubi a kan iyaka. Motar Darakta a titi take wuni. An ce har daga sama an yaba masa, wai ya ƙirƙiro sabuwar hanyar zaburar da ma'aikata.

Munka kama hanya har munka wuce Augie. Can Munzali ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ko ba komai, an ce ma'ajiyar ba kowa sai ni da buhunan taki. Ba Darakta, ba baƙi. Mutum ya huta."

Da munka isa Tungar Ja'afar, sai munka iske maza jere bakin hanya, maigari a gaba. Na ɗauka tarbar gwamnati ce, har na gyara mayafi. Maigari ya leƙa cikin mota ya duba fuskoki.

"Wane ne ma'aikacin da ya huɗe ohis?"

Ƙaramar ɗiyar Munzali ta nuna ubanta da yatsa.

Maigari ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa. "Marhabin, marhabin. Mun gani a waya, bisa suri munka taru munka kalla. Allah ya kawo muna kai a kan lokaci. Jibi akwai gayya gonar liman, gata tawa, sauran kuma mun jera su har ƙarshen damina don kar a yi rigima. Mun aika Argungu a ɗauko tsohon nan mai ganga. Hura kuwa mata sun fara daka."

Munzali ya juyo ya kalle ni. Na mai da ido ga wata akuya da ke wucewa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ma'ajiyar takin nan, tana da ƙofa mai kullewa ta ciki?"

"Da akwai," in ji maigari. "Ruwan bara ya tahi da ita."